Muryar Malam Aruna a Hedifon Uku

Rafi'atu tana ɗakin haɗa shirye-shirye na gidan rediyon da take aiki a Yendi, tana gyara wata hira da aka yi da manoman doya, sai wayarta ta kama tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Zauren danginsu ne na WhatsApp, wanda ba a cika motsi a cikinsa ba sai an yi haihuwa ko rasuwa. Da ta duba sai ta ga saƙon murya daga yayanta Wadud, ɗan kasuwar da ke zaune a Bawku, 'yan uwa kuma sun jera alamun mamaki a ƙarƙashinsa.

Ta danna ta kara a kunne.

"Salamu alaikum jama'a. Ni dai na saurari abin da Rafi'atu ta turo. Wallahi wannan ba muryar Baba ba ce. An kankare ta, an tsotse ta, ta koma kamar ta mai magana daga cikin gwangwani. Kuma kada wani ya ce kunnena ne, don da hedifon ɗan Jamus na saurara, irin na manyan situdiyo. Kaset ɗin Baba amana ne. In mutum bai iya aiki ba ya faɗa, a kai wa waɗanda suka iya a Kumasi."

Sau uku ta saurara.

Mahaifinsu Malam Aruna ya rasu a Salaga shekara shida da suka wuce. Jikan fataken goro ne, kuma tun yana da ƙarfinsa ya ɗauki wata al'ada: bayan la'asar sai ya zauna a tsakar gida da rikoda, ya ba da labarin kakanninsa, hanyoyin da suka bi, zangon da suka yada, wanda ya mutu a hanya da wanda ya dawo. Wani lokaci ya rera baitocin wa'azi da shi ya tsara da kansa. Kaset talatin da takwas ya bari a cikin adaka. Shekara biyar suna ajiye ba wanda ya ɗaga murfin, har Wadud ɗin da yanzu ya tuna amana ne. Sai da Rafi'atu ta je gida ta tarar gara ta fara cin gindin adakar, sannan ta kwashe su ta taho da su Yendi.

Wata bakwai ke nan ba ta da Asabar ba ta da Lahadi. Wasu kaset ɗin sai da ta kwance su ta liƙe zaren da ya tsinke. Wasu sun yi fumfuna, ta riƙa goge su da auduga a hankali. Sannan ta juye su cikin kwamfuta, ta zauna tana rage ƙara da gurnani. Goma sha biyu ta gama, ta tura wa dangi na farko cikin murna, ga abin da ta samu.

A kan teburinta na gida akwai wasu ƙananan akwatuna biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasan ita ce konbata, mai karɓar abin da ke cikin kwamfuta ta mayar da shi sauti. Na saman amfilifaya ce mai kwalabe biyu da ke yin ja in sun ɗau zafi, ita ke ba sautin ƙarfin da zai tura hedifon. Hannu na biyu ta saye su wurin wani injiniya da zai bar Tamale. Hedifon ɗinta kuwa baƙi ne, mai rufe kunne ruf, fatar kunnensa duk ta sale. Da waɗannan ta yi aikin, kuma a cikinsu muryar Baba cike take, kamar yana zaune a gefenta.

Ta fita bayan ofis, inda hayaniyar babura ba ta kaiwa sosai, ta kira Wadud.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Kin ji saƙona?"

"Duniya ma ta ji. Tambaya ɗaya zan yi maka. Wannan hedifon naka, a me ka jona shi?"

"A wayata mana. A me ake jona hedifon?"

"Duba kwalinsa. Akwai wata lamba da aka rubuta om a gefenta, mai nuna nauyinsa wajen turawa. Nawa ce?"

Ta ji motsin takarda. "Ɗari uku. Kin gani, babba ne. Daga Lome aka kawo mini shi ta kasuwar Sankasi, can bakin iyaka."

"To Yaya, waya ba za ta iya tura om ɗari uku ba. Kamar ka ɗaura wa keke tirelar doya ne ka ce ya ja. Dole ka ji murya ƙasa-ƙasa, ba jini a jikinta. Sai an haɗa shi da amfilifaya."

"Wayata ba irin taki ba ce, Rafi'atu."

"Ba maganar tsadar waya ake ba."

"Ke dai kin ɓata aiki, ki amsa kawai. Ina da baƙi a shago."

Ya kashe. Kafin ta koma kujerarta ya sake tura wani saƙon a zaure, yana dariya, wai yanzu kuma laifin ya koma kan wayarsa.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo ne washegari. Gwaggo Mansuratu, ƙanwar mahaifinsu, matar da ta goya ta tana jaririya, ta kira ta da wata murya mai laushi kamar ana lallashin marar lafiya. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Rafi'a, ni ba abin da na ce. Amma su kaset ɗin na asali, suna nan dai ko? Ba abin da ya same su?" Wato har an fara tunanin ta lalata su. Ta ce suna nan, ta ajiye waya, ta zauna ta kasa cin wake da shinkafar da ta saya. Shekara tara tana aikin sauti a gidan rediyo. Ita ke horar da sababbin ma'aikata. Amma mutumin da bai san bambancin ramin hedifon da ramin caji ba ya yi magana sau ɗaya, dangi duka sun bi shi, saboda kawai shi ne babba kuma abin nasa daga Lome ya zo.

Saura mako biyu a yi addu'ar shekara ta Malam a Salaga. Ta rubuta layi ɗaya a zauren: "Yaya Wadud, ka zo da hedifon ɗinka da wayarka. Ni ma zan zo da kayana. A saurara a gaban Mma."

Ranar tafiya ta naɗe amfilifayar cikin zannuwa biyu, ta cire kwalaben ta sa su cikin safa, ta rungume jakar a cinya tun daga tashar Yendi. Motar ta tsaya a Bimbilla kusan awa biyu ana jiran fasinja. Tana zaune a ciki, zafi ya ishe ta, sai ga motar Wadud ta wuce ta gefen tasha, kujerar baya ba kowa. Ta Gushegu ya biyo, ya ratsa Yendi, ya san da ita a garin, bai ko kira ba. Ta bi motar da ido har ta ɓace, ta ce a ranta ba komai.

Washegari da hantsi malamai suka yi addu'a, aka raba tuwo da goro, baƙi suka watse. Sai Rafi'atu ta jawo ƙaramin tebur zuwa ɗakin mahaifiyarsu Hajiya Ummul-Khair, wadda suke kira Mma, ta jera kayanta, ta mayar da kwalaben gurbinsu. Gwaggo Mansuratu ta zauna a bakin gado kusa da Mma. Wadud ya shigo da kwalinsa a hammata. Gaskiya hedifon ɗin kyakkyawa ne, babba, bayansa raga-raga, kunnuwansa na karan-miski.

"Jona shi a wayarka yadda ka saba," in ji Rafi'atu. "Ka ba Gwaggo."

Gwaggo ta gyara ɗankwali ta saka. Ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska. "Ƙara mini."

"Ya ƙure, Gwaggo," in ji Wadud. "Abin da nake faɗa ke nan."

"Kamar daga gidan maƙwabta yake magana."

Rafi'atu ta zare igiyar daga wayar, ta sa mata babban kai, ta jona a amfilifaya, wadda kwalabenta sun riga sun yi ja. Ta kunna kaset ɗin nan dai, daidai wurin nan dai, ta murɗa ƙarfi a hankali.

Gwaggo ta zabura ta waiwaya bayanta. Sannan ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu. Yaya Malam!" Hawaye suka zubo mata. "Ga kaji can ina ji. Wa ke daka? Wallahi wani na daka a bayansa."

Wadud ya karɓa ya saka. Rafi'atu ta kafa masa ido. Ta ga yadda bakinsa ya ɗan buɗe. Ya daɗe bai cire ba. Da ya cire, ta jira kalma ɗaya tak, amma sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wasu 'yan ƙananan abin kunne, irin waɗanda ake cusawa ciki.

"Bari mu gwada da wannan. Shi ma ba na banza ba ne."

Ta rage ƙarfin sosai kafin ta jona masa, don kada ya kurmance a gabanta a ce ita ce. Yana sakawa fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Kin ji? Shuuu kawai yake yi, tun ba ki kunna komai ba. Na'urarki ma tana da matsala."

"Ba ta da matsala. Waɗannan ƙananan ba sa buƙatar ƙarfi, ɗan abu kaɗan ya ishe su. In ka haɗa su da wannan amfilifaya, har numfashin kwalaben za su jiyo maka. Mayar da su wayarka ka ji."

Ya mayar. Shuuu ɗin ya ɓace, muryar ta fito sosai.

"Ka gani, Yaya? Wanda ya dace da waya ka bar shi a aljihu. Wanda waya ba ta iya ɗauka shi ka jona mata, sannan ka hau zaure ka ce na ci amanar Baba. Wata bakwai! Kai ko adakar ba ka taɓa buɗewa ba. Jiya ka wuce ni a Bimbilla ina rungume da kayan nan kamar jariri..."

"Ban gan ki ba."

"Ka neme ni?"

"Ya isa," in ji Mma. Ta miƙa hannu. "Ku ba ni babban in ji mijina."

Rafi'atu ta saka mata da kanta, ta mayar da igiyar cikin amfilifaya. Mma ta rufe ido. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗan sautin da ke fita ta ragar hedifon ɗin. Aka yi minti biyar, aka yi goma. Sannan ta cire a hankali ta ɗora a cinya.

"Shi ne. Har ɗan tarin nan nasa na ji. Mai dakan kuwa ni ce, na gane tabaryata." Ta yi ɗan murmushi, sai kuma ta dubi 'yarta. "Amma Rafi'a, muryar Malam ta fi haka kauri. In yana magana a zaure, ina ɗaki nake jin ta a ƙirjina. Wannan ta yi siriri."

Rafi'atu ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tuna ita kanta ba ta saurara da hedifon ɗin Wadud ba tukuna. Ta karɓa ta saka.

Abin da ta fara ji ya ba ta haushi, domin hedifon ɗin ya fi nata nesa ba kusa ba. Tsakar gidan ta buɗe mata, kaji a hagu, turmi can baya, har ƙarar kujerar Baba in ya gyara zama. Amma Mma ta yi gaskiya. Muryar tana nan tangaran, sai dai ba ta da gindi. Ta cire da sauri ta jona nata baƙin. Nan take kaurin ya dawo, har ya so ya yi yawa. Ta sake komawa na Wadud. Babu.

Sai ta gane. Amfilifaya mai kwalabe irin tata da hedifon mai om da yawa take shiri. In aka haɗa ta da mai om talatin da biyu irin nata, sai ta kumbura masa sautin ƙasa, ta ƙara kaurin da babu shi. Ta san wannan, ta taɓa karantawa, amma ba ta taɓa kawowa a ranta zai kai haka ba. Ta tuna Asabar ɗin da ta zauna ta ji muryar Baba tana gurnani kamar ganga, ta ja maɓallan ƙasa ta rage, ta rage, har ta ji ya yi daidai. Ashe gurnanin ba a kaset yake ba, a kunnenta yake. Ta yanke wa mahaifinta murya da hannunta, a kaset goma sha biyu.

Allah ya taimake ta ba ta taɓa goge juyin farko ba. Ta lalubo shi a kwamfuta, wanda ba a gyara komai a cikinsa ba, ta sake saka wa Mma babban hedifon ɗin. Akwai ƙarar tsohon zare a ciki, amma Malam bai gama sallama ba Mma ta ɗaga hannu.

"Yawwa. Wannan shi ne Malam."

Wadud ya tafa hannu ya miƙe tsaye. "Ban faɗa ba? Gwaggo, ke shaida ce. Na ce an kankare muryar, aka ce wayata ce!"

Rafi'atu ta juyo gare shi.

"Na yi kuskure. A gaban Mma da Gwaggo nake faɗa, na rage abin da bai kamata in rage ba, kuma zan gyara. Amma kai ba wannan ka ji ba, Yaya. Ta waya ka saurara, inda ko juyin farko aka ba ka haka za ka ji shi. Faɗuwa ka yi a kan gaskiya ba da saninka ba. Mma ce ta ji, don ita ta san muryar. Kuma da ka kira ni ka ce, ƙanwata, wani abu bai yi mini daidai ba, da tuni mun gano. Sai ka tara dangi ka ce ban iya aiki ba. Ni na amsa nawa. Kai ma ka shiga zauren ka amsa naka."

"To ai magana ta wuce, tunda an gane..."

"Ba ta wuce ba."

Ya dubi Mma yana neman ceto. Mma ta naɗe igiyar hedifon ɗin a hannunta, ta saka shi cikin kwalinsa, ta rufe, ta miƙa wa Rafi'atu.

"Ki tafi da shi Yendi. Tunda shi ne ke faɗa miki gaskiya in an haɗa shi da akwatinki, da shi za ki ƙarasa sauran."

"Mma, sabo ne fa! Ko wata biyu bai yi ba."

"A wurinka me yake yi? Kai da bakinka ka ce kamar gwangwani kake ji."

Gwaggo Mansuratu ta rufe baki da gefen mayafi. Wadud ya fita yana gunaguni, da la'asar kuma ya kama hanyar Bawku. Wannan karon ya yi tayin rage mata hanya, ta ce ta gode, tana da sauran kwana biyu a gida.

Da ta koma Yendi ta rubuta wa zauren bayani dalla-dalla, kuskurenta da nasa, ba ta rage ko ɗaya ba. Dangi suka yi ta sa albarka. Wadud ya turo hoton babban yatsa, shi ke nan. Ta daɗe tana kallon yatsan nan, ta kife wayar.

Wata biyar aikin ya ƙara ci. Ta sake goma sha biyun daga farko, ta yi sauran ashirin da shida. Yanzu kowane kaset sai ta saurare shi da babban hedifon a amfilifaya, sannan ta saurara da ƙananan abin kunne a waya, tunda da su yawancin dangi za su ji, sannan ta tura wa Mma ta ji ta bakinta. Sau biyu Mma ta dawo mata da aiki.

Ranar wata Asabar da rana, bayan ta tura na ƙarshe, sai ta ji hon a ƙofar gida. Wadud ne, yana fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya buɗe but ɗin motarsa ya sungumo wani ƙaton kwali, da ƙyar ya shigo da shi ɗaki.

"Na zo karɓar kayana. Kuma ba sai kin yi mini gori ba, na sayi tawa amfilifayar a Sankasi. Ta ninka taki sau goma."

Ta buɗe kwalin. Baƙin ƙarfe ne mai fanka a baya, da ramukan makirfo huɗu a gaba, da wuraren ɗaura wayoyin lasifika. Ta duba gaba ta duba baya, ko ramin hedifon babu.

"Yaya, wannan ta lasifikar masallaci ce."

"Mai shagon ya ce akwai wata 'yar igiya da ake haɗawa ta baya."

"In ka haɗa ta baya, kafin Baba ya ce bismillahi hedifon ɗin ya ƙone, wataƙila da kunnenka. Me ya hana ka kira ni kafin ka saya?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙaton ƙarfen, ya dubi 'yan akwatunan da ke kan teburinta. "To yanzu ya za a yi?"

Ta yago takarda ta rubuta masa irin konbata da amfilifayar da zai nema, da abin da zai tambayi mai shago, ta ja layi biyu a ƙarƙashin om ɗari uku. Ta ba shi takardar. Da ya miƙa hannu zai ɗauki hedifon ɗin daga kan tebur, sai ta riga shi, ta saka a durowa ta murɗa makulli.

"Ranar da ka kawo abin da ke jikin takardar nan na gani da idona, ka karɓa. Ba zan ba ka shi ka je ka kashe ba."

Ya yi faɗa, ya ce shi ne babba, ya ce zai kira Mma. Ta miƙa masa wayarta ta ce ga lambar nan. Bai kira ba. Ya ci tuwon da ta zuba masa, ya sha ruwa, suka kinkimi ƙaton kwalin tare suka mayar but. Daga baya Gwaggo Mansuratu ta gaya mata ya kai amfilifayar masallacin unguwarsu a Bawku, har liman ya yi masa addu'a ranar Juma'a saboda kyautar da ya yi.